Eugen Sänger, injiniyan da ya ƙare rayuwarsa yana neman hanyar da jirgi mai fukafukai zai bi ya kai sararin samaniya

Ranar 10 ga watan Fabrairu na shekarar 1964, wani malami ɗan shekara 58 ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar koyar da ɗalibai a jami'ar fasaha ta birnin Berlin, kuma ciwon zuciyar da ya kama shi bai bar shi ya tashi ba. Sunansa Eugen Sänger. Sama da shekara 30 ya yi yana bin tambaya guda: ta wace hanya jirgi mai fukafukai zai tashi daga ƙasa, ya kai inda taurarin ɗan Adam ke zagaya duniya, ya dawo ya sauka lafiya, a sake zuba masa mai ya koma? Shekara 60 ke nan da mutuwarsa, har da ɗoriya, kuma babu ƙasar da ta ƙera jirgin da ya yi haka da jiki guda, ba tare da ya yar da wani sashe nasa a hanya ba.

An haife shi ranar 22 ga Satumba, 1905, a Pressnitz, wani ƙaramin garin masu haƙar ma'adinai a yankin Bohemiya, wanda a lokacin yake cikin daular Ostiriya da Hangari. Garin ba ya nan yau. A shekarun 1970 hukumomin Cekoslobakiya suka tashi mutanensa, suka gina madatsar ruwa, ruwa ya shanye wurin.

Sänger ya fara karatun injiniyan gine-gine a birnin Graz. A nan ya ci karo da littafin da Hermann Oberth ya fitar a 1923, wanda ya nuna da lissafi cewa roka na iya fita daga duniya. Littafin ya juya masa tunani. Ya koma Biyana, ya karkata ga ilimin ƙera jiragen sama, kuma da lokacin rubuta kundin digirin dakta ya yi, sai ya gabatar da aiki a kan jirgin da roka ke turawa. Malamansa suka ƙi karɓa, suna ganin abin ya fi kama da tatsuniya. Dole ya sauya maudu'i, ya rubuta a kan ƙarfin ƙarafan da ke riƙe fukafukin jirgi, ya samu digirin a 1930. Aikin da aka ƙi bai yar da shi ba. A 1933 ya buga shi a matsayin littafi mai suna Raketenflugtechnik, wato fasahar tafiya da roka.

Yawancin masu mafarkin sararin samaniya a wancan zamani, irin su Oberth da matashi Wernher von Braun, roka miƙaƙƙiya suke tunani, mai tashi tsaye kamar kibiya, wadda ake amfani da ita sau ɗaya. Sänger kuwa jirgi yake gani. A wurinsa, tafiya sama ba za ta zama abin yau da gobe ba sai ranar da abin hawan zai dawo gida a sake hawansa, kamar yadda babu mai saya mota don tafiya guda ya ƙona ta in ya isa.

Matsalar da ya ɗauko

Kai wa sama ba shi ne babban aiki ba. Kilomita 100 kawai ke tsakanin ƙasa da inda ake cewa sararin samaniya ya fara. Abin da ke da wuya shi ne zama a can. Don kada abu ya faɗo, sai ya riƙa gudu a kwance, yana bin gefen duniya da saurin kusan kilomita 7.8 a daƙiƙa guda, wato kusan kilomita 28,000 a awa. Da irin wannan gudu, tafiyar Yamai zuwa Damagaram ba za ta kai minti biyu ba.

A kan hanyar samun wannan gudu akwai masu karɓar haraji biyu. Na farko shi ne jan da ƙasa ke yi wa kowane abu. Duk daƙiƙar da jirgi ya yi yana hawa a tsaye, ƙasa na ƙwace masa kusan mita 10 a daƙiƙa daga gudun da injinsa ya samar. Na biyu ita ce iska. In jirgi ya ninka gudunsa sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu, zafin da take ɗora wa jikinsa kuma ya ninka kusan sau takwas. Wanda ya miƙe tsaye don ya tsere wa iska da wuri, ƙasa za ta cinye masa mai. Wanda ya kwanta da wuri don ya tara gudu, iska za ta riƙe shi ta gasa shi. Gaba kura, baya siyaki. In aka haɗa harajin biyu, injin da zai kai jirgi falaki sai ya samar da kusan kilomita 9.4 a daƙiƙa.

Akwai kuma lissafin da malamin makarantar Rasha Konstantin Tsiolkovsky ya wallafa a 1903, wanda babu injiniyan da ya taɓa kauce masa. Gudun da roka za ta samu ya dogara ga abu biyu: saurin da wuta ke fita daga bakin injin, da yawan man da ta ɗauka in aka gwada da nauyinta. Injin da wutarsa ke fita da kilomita 3 a daƙiƙa, in ana so ya kai falaki da jiki guda, sai mai ya zama kusan kashi 96 cikin 100 na nauyin jirgin. Kashi huɗun da suka rage su za su ɗauki tanki, inji, fukafukai, tayoyi, matuƙi da kaya. Shi ya sa ake ƙera rokoki gaɓa-gaɓa kamar rake: gaɓar da manta ya ƙare a yar da ita, sauran su ci gaba da sauƙin nauyi.

Sänger ya ga cewa fukafuki na iya rage harajin farko. Roka mai tashi tsaye dole turin injinta ya fi nauyinta, in ba haka ba ko motsi ba za ta yi ba. Jirgi mai fukafukai kuwa iska ce ke ɗaukar nauyinsa, ƙarfin injin ya tafi wajen ƙara gudu. Sai dai fukafukin nan shi ma nauyi ne da za a ɗauka har sama, inda babu iskar da zai yi aiki da ita. Duk rayuwarsa ta ilimi a tsakanin waɗannan gaskiya biyu ta gudana.

Ya fara da inji. Tsakanin 1932 da 1934, a wani ɗaki na jami'ar Biyana, ya yi ta gwada ƙananan injuna masu ƙona man gas da iskar oksijin. Babbar matsalarsu ita ce narkewa. Dabarar da ya yi aiki a kanta ita ce a nannaɗe ɗakin ƙonawar da siraran bututu, ruwa mai sanyi ko man da za a ƙona ya bi ta cikinsu ya kwashe zafin kafin ƙarfe ya narke. Ya yi rajistar wannan tsari da sunansa, kuma irin wannan sanyayawa ce manyan injunan roka masu aiki da ruwan mai ke amfani da ita har yau. A gwaje-gwajensa wutar ta kai kusan mita 3,000 a daƙiƙa, alhali injin rokar V-2 da Jamus ta yi yaƙi da ita shekara goma bayan haka bai wuce kusan mita 2,000 ba.

Tsuntsun azurfa

Ostiriya ba ta da kuɗin irin wannan bincike, kuma hukumominta ba su nuna sha'awa ba. Jamus ta Hitler na da kuɗi, tana kuma da buƙata. Sänger, wanda tun farkon shekarun 1930 ya shiga jam'iyyar Nazi, ya amsa kiran ma'aikatar jiragen sama ta Jamus a 1936. Aka ba shi cibiyar bincike ta asiri a Trauen, wani daji a arewacin ƙasar. A nan wata matashiya ƴar birnin Bonn, Irene Bredt, wadda ta samu digirin dakta a kimiyyar lissafi da yanayin abubuwa, ta zo aiki tare da shi. Yawancin dogon lissafin hanyar jirgin ta hannunta ya bi, a zamanin da babu kwamfuta sai takarda, alƙalami da ma'aunin lissafi na hannu.

Jirgin da suka zana ana kiransa Silbervogel, tsuntsun azurfa. Tsawonsa mita 28, faɗin fukafukansa mita 15, cikinsa a baje yake don jikin jirgin ma ya taimaka wajen ɗaukar nauyi. In ya cika, nauyinsa tan 100 ne, tan 90 daga ciki mai ne da oksijin. Ba zai tashi daga filin jirgi ba. Za a ɗora shi a kan dogo mai tsawon kilomita 3, wata babbar roka ta turo shi daga baya har ya kai kusan mita 500 a daƙiƙa, sannan ta tsaya a ƙasa shi ya tashi. Wannan dabara ce ta samun gudun farko ba tare da jirgin ya taɓa mansa ba, kuma ba tare da ya ɗauki tayoyin da za su iya riƙe tan 100 ba.

Daga nan zai ɗaga kai da kusan digiri 30, ya kunna injinsa mai turin tan 100, ya riƙa kwantawa sannu a hankali yayin da iska ke raguwa. Akwai wani abin lura kuma: yayin da mai ke ƙonewa, jirgin na sauƙi, inji guda kuma na tura shi da ƙarfi iri ɗaya, har matsin da ke danne matuƙi ya kai ninki goma na nauyin jikinsa. Saboda haka hanyar ba man fetur kaɗai take lissafi da shi ba, har da abin da jikin ɗan Adam zai iya ɗauka. A ƙarshen hawan, jirgin zai kai kusan kilomita 145 a sama da gudun kusan kilomita 22,000 a awa.

Wannan gudu bai isa falaki ba, ya gaza da kusan kilomita 6,000 a awa. A nan ne Sänger da Bredt suka kawo abin da ya sa ake tuna su. Duk wanda ya taɓa jifa da faffaɗan dutse a kan tabki ya san yadda yake dukan ruwa ya yi tsalle, ya sake duka ya sake tsalle, har ƙarfinsa ya ƙare. Haka jirgin zai yi da iska. Zai gangaro daga sama, ya daki iska mai kauri a wajen kilomita 40, cikinsa da fukafukansa su cilla shi sama, ya huce a can, ya sake gangarowa. Kowane tsalle ya fi na bayansa gajarta. A lissafinsu, da haka zai ci tsakanin kilomita 19,000 da 24,000, kusan rabin zagayen duniya.

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ma'aikatar da ke biyan kuɗi ba yawon sararin samaniya ta dame ta ba. Jirgin da aka fara zanawa don zuwa falaki sai ya koma jirgin yaƙi: zai tashi daga Jamus, ya saki bam mai nauyin tan 4 a kan wani birnin Amurka, ya wuce ya sauka a yankin tekun Pasifik da ke hannun Japan. Rahoton da su biyun suka kammala a watan Agustan 1944 na ɗauke da taswirar birnin New York da aka zana wa da'irorin ɓarna. Sänger da kansa ya sa hannu a wannan aiki.

Ba a taɓa ƙera jirgin ba. Tun 1942 aka dakatar da aikin a Trauen, domin yaƙi ya fara juya wa Jamus baya, ana neman makamin da za a samu da wuri. Aka mayar da shi ga wani inji na daban, wanda ba kome ba ne illa bututu marar juyi a ciki: gudun jirgi ke cusa masa iska, a fesa mai a ƙona. Ya gwada shi a bayan jiragen Dornier. Wannan aiki ya buɗe masa wata ƙofa a tunani, domin injin da ke shaƙar iskar waje ba ya buƙatar ɗaukar oksijin, wanda shi ne mafi nauyi a cikin abin da roka ke ɗauka.

Faransa, Stalin da Masar

Da yaƙi ya ƙare, kwafen rahoton 1944 suka faɗa hannun ƙasashen da suka yi nasara. Von Braun ya tafi Amurka. Sänger da Bredt suka zaɓi Faransa, inda daga 1946 suka yi aiki da masana'antar jiragen gwamnati da ke Châtillon, kusa da Paris. A can ya ba da gudummawa ga bincike kan injin bututun nan, layin aikin da daga baya ya haifar da jirgin gwaji Griffon, wanda ya zarce ninki biyu na saurin sauti a ƙarshen shekarun 1950.

A Mosko, rahoton ya kai teburin Stalin. A 1947 ya ba da umarnin a kawo masa marubutan, ya sa ɗansa Vasili da injiniyan soja Grigori Tokaev cikin masu neman su. Ba su same su ba, Tokaev kuma ya tsere zuwa wajen Ingilishi. Masanin lissafi Mstislav Keldysh ya yi nazarin irin wannan jirgi ga Tarayyar Sobiyet, shi ma a takarda ya tsaya. A Amurka, tunanin ya shiga shirin Dyna-Soar na rundunar sojan sama, wanda aka soke a watan Disamban 1963 kafin ya tashi ko sau ɗaya.

Nazarin da aka yi bayan yaƙi ya gano kuskure a lissafin zafi na rahoton. Zafin da cikin jirgin zai sha a dukan iska na farko ya fi abin da suka ƙiyasta nesa ba kusa ba, kuma da an ƙera shi yadda aka zana, da ya ƙone tun a tsallen farko. Gyaran yana nufin ƙara garkuwar zafi, garkuwa kuma nauyi ce, a jirgin da duk jikinsa tan 10 ne kawai.

A 1951 ya auri Irene Bredt. A shekarar ne kuma aka kafa tarayyar ƙungiyoyin binciken sararin samaniya ta duniya a birnin Landan, aka zaɓe shi shugabanta na farko. Tarayyar na nan har yau, hedkwatarta a Paris, kuma ita ke shirya babban taron masana sararin samaniya na kowace shekara. A 1954 ya koma Jamus ta Yamma ya shugabanci wata cibiyar bincike a Stuttgart. A waɗannan shekaru ya yi rubutu a kan roka mai tafiya da haske, wadda a tunaninsa ita ce za ta iya kai mutum ga wasu taurari.

Sai kuma ya sake bin mai kuɗi. A farkon shekarun 1960 ya riƙa zuwa Alƙahira yana ba da shawara ga shirin makamai masu linzami na shugaba Gamal Abdel Nasser. Da labarin ya fito, Isra'ila ta nuna fushinta, gwamnatin Bonn ta matsa, kuma a ƙarshen 1961 ya rasa kujerarsa ta Stuttgart, ya janye daga aikin Masar. Wasu abokan aikinsa suka zauna a can. A watan Yulin 1962 Nasser ya nuna wa duniya makaman Al-Zafir da Al-Ƙahir.

Abin da ya yarda da shi a ƙarshe

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su yana ba kamfanin Junkers shawara a kan wani jirgi mai suna RT-8. Dogon na nan, fukafukan na nan, amma jirgin ya zama gaɓa biyu: babba ya goya ƙarami zuwa sama, ya sake shi ya dawo, ƙaramin ya wuce falaki. Mutumin da ya fara da jirgi guda ya amince cewa da ƙarfen zamaninsa da man zamaninsa, lissafin Tsiolkovsky ba ya ba da wannan dama. Abin da bai saki ba shi ne kowace gaɓa ta dawo a sake amfani da ita. A 1963 aka ba shi kujerar farfesa a Berlin, inda ajali ya same shi. Irene ta rayu har 1983, tana ci gaba da rubutu da adana aikinsu.

Waɗanda suka biyo baya sun sake gwada jiki guda, yawancinsu da injin da ke shaƙar iska a farkon tafiya. Wannan ya ƙara ƙuntata hanyar. Jirgin dole ya daɗe cikin iska don injinsa ya samu abin shaƙa, yana hawa daidai gwargwadon yadda gudunsa ke ƙaruwa. In ya yi ƙasa kaɗan, zafi da matsin iska su lalata shi. In ya yi sama kaɗan, inji ya shaƙe, fukafuki ya rasa abin dogaro. Sannan sai a zaɓi daidai lokacin da za a rufe bakin iska a koma roka. Ingila ta gwada da HOTOL a shekarun 1980, gwamnati ta janye kuɗinta a 1988. Amurka ta kashe kuɗi mai yawa a kan X-30 ta bar shi a farkon shekarun 1990, ta kuma soke X-33 a 2001. Jamus ta farfaɗo da tsarin gaɓa biyu da sunan Sänger II, ta ajiye shi a 1995. Kamfanin Reaction Engines na Ingila, mai shirin jirgin Skylon, ya durƙushe a watan Oktoban 2024.

Tsallen kan iska kuwa ya samu aiki a wata hanya da ba ta yaƙi ba. Kumbon da ke dawowa daga wata yana zuwa da gudun kusan kilomita 11 a daƙiƙa, kuma hanya ɗaya ta rage masa zafi da matsi ita ce ya daki iska, ya koma sama, sannan ya sake shigowa. Kumbon Zond 6 na Sobiyet ya yi haka a 1968. Chang'e 5 na ƙasar Sin ya yi haka a watan Disamban 2020 ɗauke da ƙasar wata, Orion na Amurka kuma ya bi wannan hanya a Disamban 2022 kafin ya faɗa tekun Pasifik. A bayan wata, gefen da ba a gani sosai daga duniya, akwai wani rami da masana taurari suka sa wa sunan Sänger.